Asusun da Na Zaɓar Maka

Illela, ranar Litinin.

Zuwa ga Boyi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka magina a can Tamanrasset. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har ta je biki Kalmalo ta dawo ba ta kwanta ba. Ƙanwarka Salma ta sauka, an samu mace, an sa mata Humaira. Ita ce ta uku cikin 'ya'yanta da ba ka taɓa ɗauka ba. Albasa ta yi kyau bana, kasuwa ce dai har yanzu ba ta koma yadda ka san ta ba tun rufe iyakar nan da aka yi.

Kuɗin da ka aiko ta hannun Dabo direba sun iso cif, na canja sefar zuwa naira da hannuna ran da ta yi tsada. Na kuma saurari saƙonka na murya, inda ka ce kada in bar su kwance darajarsu tana zagwanyewa, in buɗe asusun ajiya na waya mai riba da yawa, da sunana tunda layinka na nan ya mutu, in zaɓa cikin ukun da ka turo. To, ka san ubanka. Shekara talatin ina canji a bakin tasha, ban taɓa miƙa wa mutum kuɗi ban san ƙofar gidansu ba. Da na tambayi inda ofishinsu yake aka ce mini yana cikin waya, sai na ce to, ranar rigima sai in kama wuyan wayar ke nan. Amma ban ƙi ta taka ba, na bincika. Na farko kuɗin ruwa ne zalla, Malam Muhyiddeen limaminmu bai ma bari na gama karanta masa ba. Sauran biyun juya kuɗin suke a kasuwanci a raba riba, suna da rajista, kuma wani maƙwabcina a tasha ya ce ya zuba kuɗi ya cire ba a yi masa wasa ba. Ɗaya ribarsa kaɗan ce, amma duk ranar da ka so kuɗinka ka ɗauka. Ɗayan, wanda ka ce ya fi kwanta maka a rai, ribarsa ta kusa ninki, sai dai za a kulle kuɗin shekara biyu.

A nan na ajiye wayar. Ka san yadda fatake suke bar mini ajiya in za su ƙetara. Mai zuwa Ƙonni cewa yake in riƙe masa zuwa la'asar. Mai zuwa Tawa ya ce sai kasuwar Lahadi. Mai Agadas ya ce sai bayan salla. Ban taɓa tambayar ɗayansu yaushe zai dawo ba, wa'adin ajiyarsa ya riga ya gaya mini. Kai kuwa bara ka ce sai bana, bana ka ce in Allah ya so da babbar salla, ga shi kuma kana neman kullen shekara biyu a kan shidan da ka riga ka yi. Ni za ka ɓoye wa, Boyi?

Innarka tana tsince shinkafa lokacin da na sa saƙon naka. Ta tambaye ni mi ake nufi da kullewa, na yi mata bayani. Sai ta ce in tambayi yaron nan ko yana zaton ita ma ajiya ce da za a zo a tarar yadda aka bari. Ka san har yau ba ta kama sunanka, ni ma haka, kunyar ɗan fari ta ɗaure mu. Ran da ka tafi ko mota ban raka ka ba, na ce ina da ciniki. Ba ni da wani ciniki ranar, zama na yi ina juya kuɗin mutane ban san me nake ƙirgawa ba. Yau tsufa ya fi ƙarfin kunyar. Ina kewarka, Jabir. In na ga motar Agadas tana sauke mutane, sai na duba fuskokinsu duka kafin in koma ga teburina.

Saboda haka na buɗe mai ƙaramar ribar, wanda ba a kullewa, kuɗinka suna ciki tun ranar Alhamis. Na sani sarai ba shi ka so ba, kuma a matsayina na ɗan canji na san abin da na sa ka rasa.

Innarka tana gaishe ka, da Salma da mijinta Ibrahim Khalil, da Gwaggo Tasalla ta Lafani. Ka gaishe mini da mai gidan da kake zaune wurinsa. Allah ya tsare ka, ya yi wa nemanka albarka. In kuwa ka ga na jawo maka asara, kada ka turo mini murya, ba zan buɗe ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ka zo ka zauna a gabana ka faɗa mini.

Ni ne mahaifinka,
Lawwali mai canji.