Takardata da Wayar Gwaggo Hajo

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Kwana uku na yi ina rubuta bayanin rigakafin ciwon kaji. Hausa zalla, layi goma sha biyu, na buga kwafi sittin a Karaye. Yau na raba wa matan Kwanyawa a gidan mai unguwa. Kafin in kai zaure na ga Talatu maƙwabciyarmu ta ƙulle ƙuli-ƙuli a cikin tata takardar. A gabana! Shekara biyu ina karatun lafiyar dabbobi don a ƙulle ƙuli da ni.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ita ce yanzu likitar kaji. Ɗanta ya aiko mata da waya daga Kano, a ciki ta samo bidiyon wani mutum yana ɗiga wa kaza magani a ido. Minti biyu kacal. Mata sun cika tsakar gidanta, an haɗa kai ana kallo. Wai, "Naja'atu, zo ki ga aikinku, ashe ba wuya." Ashe ba wuya!

Asabar, 12 ga Oktoba
Ta sayo maganin, ta haɗa da kanta. Abin haushin, ta fi ni iya riƙe kan kaza.

Laraba, 16 ga Oktoba
Har yau da kwalbar Asabar take yawo gida-gida, ƙulle a bakin zani, cikin rana. Na ce, "Gwaggo, maganin nan ya mutu. Ranar da aka haɗa shi ranar ake gamawa, kuma a inuwa. Yana nan a takardata, layi na bakwai." Ta ce ai mutumin cikin waya bai faɗa ba. Na ce to ta je ta tambaye shi. Baba ya ji, ya ce na yi wa babba fitsara. Mata biyu na yi wa bayani, suka ce hassada nake. Na cire hannuna. Su je su gani.

Lahadi, 3 ga Nuwamba
Ciwon ya shigo gari. Kajin da aka ɗiga wa ranar farko suna nan lafiya, sauran sai faɗuwa suke. Talatu ta rasa goma sha ɗaya, waɗanda take tattali saboda haihuwar 'yarta. Gaskiyata ta fito. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Talata, 5 ga Nuwamba
Na je gaida Gwaggo, kuma Allah ya sani, don in ga idonta na je. Na tarar akurkinta wayam. Kajinta da suka tsira duk ta raba wa waɗanda suka yi asara. Bayan gaisuwa ta shiga ɗaki, ta buɗe kwalla, ta fito da takardata, ko lanƙwasa babu.

"Na ajiye ta," in ji ta. "Na san akwai magana a ciki. Kullum sai na ɗauko na duba, ba ta ce mini komai ba. Ke da kika san ba mu iya karatu ba, 'yar nan, wa kika rubuta wa?"

Na buɗe baki in ce ai na faɗa mata ranar Laraba. Sai na tuna yadda na faɗa.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Ba bidiyo na yi ba. Takardata na karanta daga farko har ƙarshe, waya ce dai aka jingina da turmi tana ɗauka, Gwaggo na riƙe da kaza tana nunawa. Har yanzu ina nan a kan bakana, rubutu ya fi, ba ya buƙatar caji.

Sau huɗu ta sa muka sake, wai ina magana kamar mai karanta sammaci. Na huɗun ya fi kyau. Ban gaya mata ba.