Wayar da Na Sa wa Hannu

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau shekarata ashirin da biyu a bakin tukunyar tutiya. Babu wanda ya tuna. Aikin dai bai canza ba: wayar ƙarfe ta bi ta ruwan asid ya wanke mata tsatsa, ta nutse cikin narkakkiyar tutiya, farin ƙarfen da ke rufe ta don kada ta yi tsatsa, ta fito fara tas. Ni kuma in yanki ɗan guntu in nannaɗe shi a jikin ƙusa sau shida. Idan rufin bai ɓare ba, in sa hannu a takarda a tafi da ita kasuwa. Tun bara da Mai Agogo, sabon manajanmu, ya ƙara wa inji gudu, waya ba ta daɗewa a asid, rufin ba ya kama ta. Tana ɓarewa a farcena kamar ɓawon gyaɗa, ni kuwa ina sa hannu. 'Ya'ya biyar gare ni, abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na je gaida Yaya a gidanta na bakin rafi, wanda marigayi mijinta ya bar mata. Bara ni na cika mata baki: a saƙa manyan kwanduna da wayarmu, a cika da duwatsu, a jera a gaɓa, ruwa ba zai ƙara cin ƙasar bayan ɗakinta ba. Za su yi shekara ashirin, na ce, har da dukan ƙirji. Ta sayar da keken ɗinkinta ta saya. Na dai gaya wa mai sito ya ba ta cikin tsohon kaya na kafin ƙarin gudu, ban tsaya na duba ba.

Yau na ga ragowar naɗin a bayan ƙofa, takardarsa na maƙale. Sa hannuna ne, kwanan watan kuma bayan ƙarin gudu. Gabana ya faɗi. Ta tambaye ni ko ciwon cikin nan ne ya taso, na ce shi ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka. Kowa na murna, ban da ni.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na sauka gaɓa ni kaɗai, wai zan duba kifi. Kwandunan ƙasa sun yi ja wur. Na lanƙwasa sili ɗaya da yatsa biyu, ya karye. Da na hau, na tarar da Yaya tana nuna wa maƙwabciya jerin duwatsun, tana cewa Auta ne ya yi mata, a wurinsu ake yin wayar. Ga furfura a kaina, har yanzu Auta. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta lafiyar kaji. Ni matsoraci ne, a nan dai zan iya rubutawa.

Talata, 15 ga Yuli

Na yi ta maza na shiga ofishin Mai Agogo. Na ce ranka ya daɗe, ko da minti ɗaya a ƙara wa asid. Bai ɗago ba. Wai babu mai saye da ya taɓa dawo da kaya. To wa zai dawo da waya bayan ruwa ya tafi da ita? Wannan a cikina na faɗa. A fili godiya na yi masa, ban san ta mene ne ba.

Maman yara ta ce in ɗauko Yaya kafin damina ta yi nisa. Na aika, ta ce ina za ta, ga katangar ƙanenta.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ban je wurin Yaya ba. Na ce ƙafa ke ciwo.

Asabar, 9 ga Agusta

An wuni ana ruwa jiya. Da hantsi kwanduna huɗu suka fashe, duwatsu suka gangara, ɗakin baya ya bi su. Allah ya sa tana tsakar gida tana kwashe shanya. Gadonta, akwatin marigayi, hotunan aurensu, duk suna cikin rafi. Sauran ginin ya tsage, ba ya zaunuwa.

Na iske ta zaune kan turmi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, Auta. Ba don wayarka ba, da tun bara na rasa ɗakin."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Laraba, 13 ga Agusta

Tana ɗakin 'yan mata yanzu. Ba ta ƙorafi, sai dai hannunta ba ya zama, duk rigar da ta gani da yaga sai ta nemi allura. Duk wanda ya zo jaje sai ta wanke ni. Abinci ba ya wuce mini.

Litinin, 18 ga Agusta

Babu wani labari. Waya ta ɓare a naɗi na biyu, kamar kullum. Na ɗauki biro, na juya shi, na mayar aljihu ban sa hannu ba. Gajiya ce kawai, ina jin. Mai Agogo ya ce masu hannu suna da yawa a bakin ƙofa, in je gida in yi tunani. Ban san me za mu ci wata mai zuwa ba.

Na shigo kafin azahar. Yaya na tsince shinkafa, ta ce lafiya da rana tsaka? Na jawo tabarma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce ta ajiye tiren, akwai maganar da na riƙe tun kafin damina.

Ta saurara har ƙarshe. Yau ba ta kira ni Auta ba.