Zariyar Wandon Kakanka

Saint-Fons, Lyon

Zuwa ga maigidana Ilya, a Paris,

Ƙulun ƙulufit! Ɗan ƙanƙane ne, bai kai ƙwallon dabino ba, ba ya ɗaure komai da komai, aikinsa ya zauna a bakin rami ya hana wucewa. Mene ne?

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kishiyata Hamdiya, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai kakanka Malam Maazou, hannun da ya shanye yana nan yadda ka bar shi.

Ka tuna sallar da ka zo, ka cika mu da labarin jirgin ruwanku mai tafiya da iska? Ka ce akwai ƙulli mai siffar takwas da kuke yi a bakin igiya don kada ta zare daga zobe. Na ce miji ya yi boko ya ƙare a ƙulla igiya kamar mai akuya. Ka yi dariya, ka durƙusa ka yi wa zariyar wandon kakanka irinsa. Da hannu ɗaya yake janta, ba ta taɓa shigewa ba.

Wandon ya mutu, an ɗinka sabo a unguwar Guillotière, ni na ƙulla. Nawa ƙullin ƙubaka ta haɗiye shi. Ran Juma'a bayan alwala a masallaci ya ja zariya, ta biyo hannunsa gaba ɗaya, wando ya sauka gaban mutanen da suka yi aikin izin, wato masana'anta, tare. Ba wanda ya yi dariya, ya ce shirun ya fi ciwo. Tun ranar bai taka ƙofa ba. Gwaggonka Fatou ta kawo lastik, robar wando, ya ce shi ba jinjiri ba ne, Ilya zai zo ya ƙulla.

Na ce masa Ilya yana bisa ruwa, igiyar Nasara ta fi tamu gata. Kada ka aiko hoton ƙullin a waya, Fatou ta iya neman hoto. Yana zaune da zani, wandon na ninke bisa kujera.

Ka gai da Hamdiya da surukinka Alhaji Daouda. Fatou na gaishe ka. Kakanka bai ba da saƙo ba.

Kakarka, matarka da ka yasar,
Hassia

Amsar, ƙullin bakin igiya ne.