Ƙorafi Kan Umarnin Kankare Igiyar Inna

Daga:
Surukar mai gida,
Gida mai lamba 14,
Layin Bayan Makarantar Firamare.

9 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ofishin Duba Gine-gine,
Hukumar Tsara Gari.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: UMARNIN DA JAMI'IN OFISHINKA YA BAYAR NA KANKARE LAYIN SIMINTI A BANGON GIDANMU, DA HANA MU TAKARDAR SHAIDAR KAMMALA GYARA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin surukina, mai wannan gida, wanda muke kira Baba. Shi ya kamata ya rubuto, amma shekara goma sha ɗaya ke nan ba ya gani. Ɗansa, wato maigidana, direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba. Shi ya sa abin ya faɗo kaina. Ni malamar firamare ce, ban taɓa kai ƙarar kowa ba, don haka idan an ga kuskure a tsarin wannan takarda a yi min afuwa.

1. Da farko ya kamata in bayyana abin da ake magana a kai, domin a takardar jami'inka an kira shi aibin shafe. Ba aibi ba ne. Lokacin da ciwon ido ya ɗauke ganin Baba, marigayiya matarsa, Inna, ta ɗaura masa igiya a jikin bango daga ƙofar ɗakinsa zuwa banɗaki, zuwa falo, zuwa ƙofar tsakar gida. Igiya ta yi ta tsinkewa, jikoki suna lilo da ita, har wata rana ta kayar da shi. Sai Inna ta sayo rabin buhun siminti, ta kwaɓa a tsohuwar roba, ta ja layi siriri a bango daidai tsayin hannunsa. Kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Kafin ya bushe ta riƙa danna babban yatsanta a ciki: dannawa ɗaya idan an zo ƙofa, biyu idan akwai matakala, uku a bakin banɗaki. Aikin bai yi kyau ba, wannan gaskiya ne. Wani wajen ya hau, wani wajen ya sauka, domin Inna ba magina ba ce, kuma gajeriya ce. Amma Baba mai gyaran agogo ne a zamaninsa, yatsunsa sun fi idon wasu gani. Cikin mako guda ya haddace bangon. Tun daga nan babu wanda ya sake riƙe masa hannu a cikin gidansa, kuma sunan bai canza ba, har yau igiyar Inna muke cewa. Allah Ya yi mata rasuwa shekara huɗu da suka wuce.

2. A watan Fabrairu na wannan shekara muka fara gyaran gida da cikakken izinin ofishinka, domin rufin yana yoyo, bangon kicin ya tsage, wayoyin wuta kuma sun tsufa har suna ƙauri. Ranka ya daɗe, ba na ƙorafi a kan wahalar gyara, mu muka jawo wa kanmu. Mu bakwai muka tattare a ɗaki biyu. Na yi girki a tsakar gida a gefen tulin yashi, mun ci ƙura a abinci, mun sha ta a shayi, kujeru suna lulluɓe da tsofaffin zannuwa tun farkon damina. An cire mana mitar wuta don a sake wayoyi, yara suna aikin makaranta da fitila mai caji. Duk wannan Baba bai taɓa cewa uffan ba. Har tsokanar mai fenti yake yi, wai a zo a tambaye shi kalar da yake so, tunda shi ne zai fi kowa kallonta. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa, cewa kada a taɓa masa igiya. Ɗan kwangila ya amince. Babban magini, Allah Ya saka masa, da kwali ya rufe ta tun daga farko har ƙarshe, ya yi sabon shafe sama da ƙasa ya bar ta a tsakiya. Inda aka matsar da ƙofar falo ma, shi ya kama hannun Baba ya nuna masa yadda aka yi.

3. Ranar Talata, 12 ga Satumba, jami'in ofishinka ya zo duba aiki. Ina gida a ranar, na ba shi kujera, na kawo masa ruwa. Ya duba rufi, ya duba wayoyi, ya ƙwanƙwasa tayil, bai sami abin cewa ba. Da ya zo kan igiya sai ya zaro abin awo ya auna ta, ya ce ba ta cikin zanen da aka amince da shi, kuma doka ta hana wani abu ya fito daga bango a hanyar wucewa. Na yi masa bayani kamar yadda na yi a sama. Na roƙe shi ya leƙa ɗaki ya gaisa da Baba, ko don ya ga mutumin da ake magana a kansa. Ya ce yana da gidaje shida a gabansa kafin a tashi aiki. Haba, ranka ya daɗe, taku nawa ne daga inda yake tsaye zuwa ƙofar ɗakin? Ya rubuta cewa sai an kankare an shafe kafin ya sa hannu, kuma kowa ya san idan babu sa hannunsa ba za a mayar mana da wuta ba.

4. Ranar Litinin, 18 ga Satumba, ina makaranta, ɗan kwangila ya turo mutum biyu da guduma. Bai gaya mini ba, bai kira maigidana ba, babban magini kuma an tura shi wani aiki a ranar. Daga baya ya ce mini shi umarnin hukuma ya bi, kuma yana son ya miƙa gida ya kwashe ma'aikatansa. Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita su a takardar hukuma ba. Baba yana zaune a tsakar gida yana jin bugun guduma tun safe, ya ɗauka tayil ake gyarawa, har yana yi musu sannu da aiki. Da na dawo sun gama da falo, sun gama da hanyar tsakar gida, sun shafe wurin sumul. Abin da ya rage shi ne daga ƙofar ɗakinsa zuwa rabin hanyar banɗaki, shi ma don na tsaya a gaba na ce sai dai su fara da ni. Da yamma Baba ya tashi zai shiga ciki, ya kai hannu bango inda ya saba, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya koma ya zauna.

5. Ga abin da ya biyo baya, kuma ina roƙon a karanta wannan sashe da kyau. Gidan da Baba ya gina da kuɗin gyaran agogo ya zama masa baƙon wuri. Sabon tayil ya canza ƙarar sandarsa, bango ya zama ɗaya ko'ina, ƙofar falo ba ta inda take. Sau biyu yana shiga kicin yana zaton ɗakinsa ne. Wata safiya na fito na same shi tsaye a tsakiyar falo, hannuwa a miƙe, yana juyawa a hankali. Ya fito zuwa banɗaki, igiya ta ƙare masa a hanya, ya ɓace, kuma ya ƙi kiran kowa don kada ya tashi yara. Abin da na tarar a wannan safiya ba zan rubuta shi ba, domin mutuncinsa. Na kama hannunsa na kai shi, na dawo na goge tayil kafin yara su farka. Ni surukarsa ce, ranka ya daɗe. Shekara goma sha shida ina gidan nan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yau ga shi ni ke jan shi zuwa banɗaki ina jiransa a bakin ƙofa. Wallahi ban san wanda ya fi wani jin nauyi ba tsakanina da shi.

Tun daga ranar ya daina shan ruwa da zarar rana ta yi tsaka. Ina ajiye masa kofi a cike, in dawo in same shi a cike. Shayin yamma da yake so ma ya ce ya fita ransa. Na san dalili, shi ma ya san na sani, babu mai iya faɗa wa wani. Likita ya ce ƙodarsa ba za ta ɗauki wannan ba a shekarunsa. Ya rame, ya daina tsokanar kowa, rediyonsa ma sai yara sun kunna masa. Zuciyata ta karye, kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye maka ba.

6. Ban zauna ba. Na zo ofishinka ranar 21 ga Satumba, aka ce jami'in ya fita. Na koma ranar 28, aka ce in rubuto. A ranar ne wata ma'aikaciya mai kirki ta ba ni shawarar a kafa ƙarfen dafawa irin wanda doka ta sani. Mun gwada, an kafa guntu a falo. Baba ya dafa ya ce ƙarfe ne mai kyau, a gode wa wanda ya kawo, amma ba ya gaya masa komai. Gaskiyarsa ne. Ƙarfe santsi ne daga farko har ƙarshe, ba ya cewa ga ƙofa, ba ya cewa ga matakala. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ƙarfen ya fito daga bango fiye da igiyar Inna sau uku, amma shi doka ta yarda da shi saboda yana da suna a littafinku. Ban ƙi ƙarfe ba, a kafa shi ko'ina idan ana so, sai dai a kafa shi sama da igiya, a bar ta a ƙasa.

7. Yanzu an sanar da mu cewa jami'in zai dawo ranar Alhamis, 19 ga Oktoba, kuma ɗan kwangila ya ce zai kankare ragowar da safiyar ranar, kafin jami'in ya iso. Aikin gyara ya ƙare, ranka ya daɗe. An gama fenti, an saka fitilu, an ɗaura labule, maƙwabta suna shigowa suna yi mana barka. Ni kuwa ko zannuwan kan kujeru na kasa cirewa. A guntun da ya rage akwai wurin da Inna ta danna yatsanta a bakin ƙofar ɗakinsu. Shi kaɗai ya tsira. Kullum idan Baba ya fito sai ya sa babban yatsansa a ciki ya ɗan tsaya kafin ya wuce. Da can na ɗauka lissafin hanya yake yi. Yanzu babu hanyar da zai lissafa, amma bai fasa tsayawa ba.

Na yi niyyar ɓoye masa maganar ranar Alhamis, ashe ya ji yara suna yi. Shekaranjiya ya kira ni, ya ce in daina wahalar zuwa ofis, in bari a kankare. Ya ce babbar jikarsa tana da jarrabawa, bai kamata ta lalata idonta da fitilar caji saboda tsohon da nasa idon ya riga ya tafi ba. Ya ce shi ɗaki ɗaya ya ishe shi, a ajiye masa bokiti a ciki. Yana wannan magana yana tsaye a bakin ƙofa, yatsansa yana cikin na Inna. Na ce masa to, na shiga kicin na yi kuka mai isata, sannan na ɗauko biro. Bai san na rubuto wannan takarda ba, kuma wannan ne karo na farko da na saɓa masa.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon ofishinka abubuwa kamar haka:

(a) A dakatar da umarnin kankare ragowar layin kafin ranar 19 ga Oktoba, a kuma sanar da ɗan kwangila a rubuce, domin maganar baki ba ta tsayar da shi.

(b) A ba mu izini babban magini ya mayar da layin inda aka kankare. Ya ce zai yi kyauta. Alamomin kuma ni da jikokin Baba za mu danna da yatsunmu, tunda mai ainihin yatsan ba ta nan.

(c) A shigar da layin cikin zanen gida da duk sunan da ofishinka ya ga ya dace, a ba mu takardar shaida, a mayar wa yara wuta.

(d) Ba na neman a hukunta jami'in, wataƙila abin da aka koya masa ya bi. Ina roƙon dai kai da kanka, ko wanda ka yarda da shi, ya zo gidan. Ba zan ɓata masa lokaci da surutu ba. Zan kai shi ƙofar ɗakin Baba, ya rufe idonsa, ya ɗora hannu a bango, ya nemi banɗaki. Duk hukuncin da ya yanke bayan ya buɗe ido, na karɓa.

Idan kuma ranar Alhamis ta zo babu amsa, ina sanar da ofishinka cikin girmamawa cewa na riga na nemi hutun ranar a makaranta. Za a same ni zaune a kan kujera a gaban bangon. Ba zan zagi kowa ba, ba zan ɗaga murya ba, amma ba zan tashi ba.

Ina fatan za a dubi wannan koke da idon rahama, a kuma hanzarta, domin yanzu da nake rufe takardar nan rana ta yi sanyi, kofin ruwan Baba yana nan gefen gadonsa yadda na ajiye shi. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwa.

Taka mai biyayya,

(Sa hannu)
Surukar mai gida,
a madadin Baba da jikokinsa.