Ɗakin da Ka Gina wa Inna

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya ƙalau muke. Ciwon bayan maigidana ya yi sauƙi, har ya koma shago. Babbar 'yata ta gama karatun jinya, yanzu kowa a gidan nan mara lafiya ne a wurinta. Kawu kuma yana nan da rigimarsa, ya ce in tambaye ka ko a can ba a sayar da katin waya ne.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don na san halinka. Kafin in kai ƙarshen magana za ka tare ni da bayanin injiniyoyi, ni kuma in hasala. To, takarda ba a katse ta. Maganar ɗakin Inna ce.

Ka san ba wanda ya kai ni murna da ɗakin nan. Ni na ga yadda ƙarar mai walda na bakin titi da odar motoci ke sa mata ciwon kai, har ta ɗaure goshi da ɗankwali tana wuni a kwance. Da ka zo bara ka tsaya a kan magina, ina kallonka ina alfahari. Bango biyu da rata a tsakani, ka cusa musu abin nan mai kama da auduga. Taga mai gilashi ruɓi biyu. Silin mai ƙananan huji, labule masu kauri, ga ƙofa mai nauyin tsiya da roba zagaye da bakinta. Na tuna yadda kake tafa hannu a tsakiyar ɗaki kana karkata kai, magina suna ƙunshe dariya. Ranar da aka gama ka sa mai walda ya kunna injinsa, muka rufe ƙofa, ko ƙis ba mu ji ba. Inna ta sa maka albarka har muryarta ta yi rawa. Ciwon kai kuwa ya tafi, wannan gaskiyarka ce.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan tafiyarka da wata biyu Inna ta fara canzawa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Faɗan nan nata da muka saba da shi tun muna yara ya ɗauke ɗif. Muka kai ta asibiti, likita ya auna komai ya ce lafiyarta lau, tsufa ne. Ban yarda ba, don tsufa bai taɓa hana Inna faɗa ba. Duk sanda ka kira kuma sai ta gyara murya ta ce maka ɗaki ya yi daɗi, tana ta hutawa.

Abin da ni da kai muka manta shi ne, tun da idanunta suka raunana Inna da kunne take ganin gidan nan. Daga kan gadonta ta san takun kowa. Ta san bokiti ya kusa cika daga yadda ƙarar ruwan ke sauyawa, ta ƙwala kira a rufe famfo. Ta san in maigidana ya dawo da ɓacin rai daga yadda ya tura ƙofar gida. Da wannan kunnen take mulkinmu. Kai ka tare mata titi, amma ka haɗa da mu.

Ranar da na gane, an yi ruwan sama da rana tsaka kamar da bakin ƙwarya. Muka yi ta gudun kwashe shanya. Da aka ɗauke na shiga kai mata shayi, sai ta shaƙi iska ta tambaye ni me ya sa jikina ke ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ce ai ruwa aka sheƙa. Ta ce shekara saba'in da wani abu ba a taɓa yin ruwa ba ta sani ba, kullum ita ke fara cewa a kwashe kaya. Sai hawaye. Ta ce wani lokaci takan zauna ta kasa kunne, ta rasa ko mun fita ne mun bar ta, ko kuwa ita ce ta riga mu tafiya ba ta sani ba. Auta, maganar nan ta karya mini zuciya. Ta kuma roƙe ni kada in gaya maka, wai yaron ya bar aikinsa ya zo ya sha ƙura saboda ita, ba za ta zama butulu ba.

Washegari na kira kafinta na ce ya cire robar bakin ƙofa. Ya noƙe, wai aikin injiniya ne, ba zai taɓa ba. Na ce masa injiniyan ni na goya shi, ya ɗauko abin aikinsa. Ya cire, ya rage ƙasan ƙofar kamar faɗin yatsa biyu, tunda dai ƙofar cikin gida take kallo ba titi ba. Na san kana karanta wannan kana dafe kai. Yi haƙuri. Kwana uku da yin haka ina wanke-wanke na ji murya daga ɗaki, wai wace mara hankali ce ta bar famfo yana zuba. Ni ce, uwar 'ya'ya huɗu. Wallahi tsayawa na yi da kumfa a hannu ina dariya ina kuka, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. A ranar ta cinye abincinta tas.

Sai dai aikin namu na 'yan koyo ne. Ƙarar waldar tana zagayowa ta baranda ta shiga kaɗan-kaɗan, jiya har na ga ta ɗauko ɗankwalin nan ta ajiye kusa. Kada garin neman gira a rasa ido. Shi ya sa nake roƙonka ka zauna da takardunka ka zana mana wata kafa, ko taga ce ko me kuke ce mata, wadda za ta shigo mata da gidan ta bar titi a waje. Wanda ya iya korar ƙara ai ya san yadda zai zaɓi wadda zai bari. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ka kira ta kuma, don Allah kada ka nuna ka sani.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da takwarar Inna, da ƙaramar mai kukan nan. Kawu da Gwaggo da maigidana da yara duk suna gaishe ka. Ita ma Inna tana gaishe ka. A baranda nake rubutun nan, ban ce wa kowa komai ba, amma da na yago takarda ta biyu daga littafi sai ta ɗaga murya ta tambaya wa nake kai wa ƙararta. Na ce kai ne. Ta ce to in gaya maka ɗaki ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka, kuma ranar da za ka dawo kada kowa ya faɗa mata, tana so ta gane takunka da kanta.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka