Albasar da Ba ta Tozai Ba

Zuwa gare ki Shafa'atu, ruwan farkon damina, inuwar darbejiya a tsakiyar bazara, sanyin idona, wadda jin sunanta kaɗai ke mantar da ni zafin Illela!

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya a Sakkwato, ke da karatunki da wannan kwamfutar taki da ta fi ni samun kallonki. Na saba cika miki takarda da yabo, kuma wallahi yabon bai ƙare ba, sai dai yau ba yabo ne ya kawo ni ba. Na yi miki laifi, abar ƙaunata, laifin da ba ki ma san an yi ba. Ga shi kwana tara suka rage ki tsaya gaban malamanki ki kare bincikenki, ga bikinmu da aka sa wata guda bayan nan.

Kin tuna ambulan goma sha biyu da kika ba ni? Kika ce shida na ƙauyen Garu, shida na ƙauyen Tozai. In shiga gona da ƙafata, in ciro albasar da ruɓa ta kama, in rubuta sunan wurin da na mai gonar. Garu kam na je, Allah ne shaidata. Tozai ce ban taka ba. Ranar babur ya mace mini a hanya, motar da za ta kai miki saƙon tana shirin tashi, ni kuwa Uzair sarkin cika baki, wanda ya ce ko bangon duniya kika aike shi zai je, na kasa ɗaga waya in ce miki na gaza. Sai na faɗa rumfar babana a kasuwa, na tsinto ruɓaɓɓu shida daga buhunan da aka sauke daga can bayan Ƙonni, cikin ƙasar Nijar, na zauna na rangaɗa "Tozai, gonar Malam Dabo" a kan kowane ambulan. Na ce wa raina albasa ai albasa ce. Mu da muka tashi muna karyawa a Illela muna cin na rana a Ƙonni, yaushe muka ɗauki iyaka a bakin komai?

Ashe ƙwayar cuta ma tana da asali, kuma ba ta iya ɓoye shi.

Kaico, wannan yammacin da kika zo hutu! Muna kan tabarma a ƙofar makarantar Abbanki bayan la'asar, kika buɗe kwamfutar kika nuna mini dogayen layuka na haruffa huɗu masu ta maimaituwa, waɗanda aka karanto daga jikin ƙwayar cutar. Ni ban ga komai ba sai jerin tururuwa, ke kuwa kina karantawa kamar wasiƙa daga gida. Kika zuba su a wani shafin intanet mai suna BLAST, kika ce zai shiga GenBank, babban rumbun da masu bincike na duniya ke ajiye irin nasu, ya nemo musu dangi. Muka jira sabis ya gama yanga. Na Garu suka sami 'yan'uwansu nan da nan. Da kika zana bishiyar dangantakarsu, sai ga shidan nan na Tozai sun ware can a reshensu su kaɗai. Kika tafa hannu kika ce, "Uzair, taho ka gani! Mi kag gani nan? Baƙon iri na, a Tozai!"

Ban taɓa ganin fuskarki da haske irin na ranar ba. Ni kuma ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba. Na sha jinin jikina tun kafin ki rufe baki, amma me na yi? Murmushi na yi! Har da cewa Masha Allah! Wane irin masoyi ne zai ga wadda yake so tana gini a kan rami, ya tsaya yana miƙa mata bulo?

Daga nan kika ɗora su a rumbun, aka ba kowanne lambarsa, da sunanki a jiki. Ke kika gaya mini cewa duk mai bincike, a kowace ƙasa yake, zai iya sauke su ya ɗora nasa aikin a kai, domin ya yarda da abin da kika rubuta. To ƙaryata ta yi lamba, Shafa'atu. Ƙaryar da na yi a rumfar albasa don kada ki ce mini rago, yau tana zaune a gaban duniya da sunan mace mafi gaskiya da na sani. Wata huɗu ke nan abinci ba ya mini daɗi. In kika kira ni kina ba ni labarin babi na huɗu na bincikenki, sai in ce sabis ne ke yankewa. Ba sabis ba ne, ni ne.

Jiya na je Tozai. Na sami Malam Dabo na faɗa masa abin da na jingina wa gonarsa. Bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da na fi samun sauƙi. Muka bi kunya-kunya har rana ta take, muna neman ruɓaɓɓu. Biyu kacal muka samu. Biyun na aiko miki, ban cika su shida ba, kuma na ɗauki hoton wurin da alamar taswira a waya. Na kuma nemo Idi direban da ya kawo buhunan nan, ya faɗa mini ƙauyen da ya yi lodi, sunan yana bayan wannan takarda. Kin taɓa cewa mai ajiya yana iya rubuta wa masu kula da rumbun a gyara bayani. Ki rubuta musu, don girman Allah. Ki gaya wa malamarki Dakta Hindatu cewa ni ne, in kuma tana son ji daga bakina, gobe zan shigo motar farko in tsaya gabanta.

Na san abin da wannan takarda za ta iya jawowa. Wataƙila a ɗaga ranar kare bincikenki, wataƙila babin da kika fi so ya rushe, wataƙila ki ce wa Abba a dakata da maganarmu. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta yi ta raya mini in yi shiru har a shafa fatiha. Wa zai sani? Amma ta yaya zan zauna cikin taro ina kallon ki, hasken raina, kina rantsuwa da aikin da na san inda na ha'ince shi? Gara ki fita daga hannuna sunanki na da tsabta, da in same ki ta hanyar rufe miki ido.

Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki fara gyara aikinki, shi ya fi gaggawa. In kin gama, in akwai sauran wuri a zuciyarki, kin san inda nake. In babu, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan nemi wata ba.

Naki, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Uzair
Illela