Rufin Ɗakin Inna

Baban Hindatu,

Na wuce asibiti, yau aikin safe gare ni. Na ga gajiyar hanya ba ta sake ka ba, shi ya sa ban tashe ka ba. Kokonka yana cikin fulas.

Kafin ka karya, fita tsakar gida ka ɗaga kai ka dubi rufin ɗakin Inna. Sabon kwano, ko wata bai yi ba, amma da rana ta haska shi duk ya yi tudu da kwari kamar kunyoyin gyaɗa.

Jiya na kira Malam Nata'ala kafinta na nuna masa. Wai, "Hajiya, ai ba ya yoyo, zafin rana ne kawai." Na ce to rufin maƙwabta a inuwa yake? Sai da na tsare shi ya hau tsani, sannan ya yarda katakon bai daidaita ba, kuma an danne ƙusoshin fiye da kima.

Ka san da ƙyar Inna ta yarda za ta baro Aujara. In ta zo ranar Juma'a ta ga wannan, cewa za ta yi iska za ta yaye shi a kanta, ta ɗaure kayanta ta koma.

Zai dawo ƙarfe goma da mai silin. Kada a buga komai sai ya kwance ya gyara katakon. Na san halinka, yana cewa "Haba Alhaji" za ka yi dariya ka ƙyale shi. Don haka na kulle ɗakin, makullin yana jakata.

Mashkura